Yadda Za Ka Riƙe Kwanon Za'afaran Bayan An Kawo Alƙali Mai Idon Gilashi

Kai da ka tsufa a bakin layin ƙarshe kana ɗaga tuta, aka wayi gari an kafa maka sanda da kyamara a kanta wai ita za ta faɗi motar da ta riga shiga, share hawayenka. Bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari kujerarka ba za ta motsa ba, kwanon za'afaran kuma ba zai bar hannunka ba.

Mai alkawarin shi ne Sulayyim bin Obaid, alƙalin tseren motoci na rairayin Sharƙiyya, can ƙasar Larabawa, tun ana zuwa kallo a kan raƙuma. Ban taɓa zama a aji ba, faɗa nake yi ana rubutawa, kuma ban yarda a gyara mini ko kalma ba. Na ɓata a rairayi na sha ruwan lagireto na fito da ƙafata. Taya ta ɓalle daga mota ta same ni a ƙirji, tayar ce ta fashe. Sai wani akwati mai jelar waya ne zai tashe ni?

1. Ka san aikinka kafin ka kare shi

Wawa ne ke zaton aikin alƙali kallon layi ne. Kallon layi ai ko akuya ta iya.

A wajenmu gidaje biyu ke kaiwa zagayen ƙarshe, gidan Hamud da gidan Zahran, 'yan wa da ƙane. Makaniki ɗaya ke haɗa musu injin, saboda haka motocin nan tare suke shigowa kamar an ɗaure su da igiya. Wadda na ce ta riga, ita nake shafa wa za'afaran a goshi yadda ake yi wa raƙumin da ya lashe tsere, gidansu kuma shi zai ciyar da duk wanda ya zo kallo da naman rami.

To, naman rami ba ƙwai ba ne da za a soya tsaye. Sai an yanka, an cuɗe da yaji, an naɗe a ganyen ayaba, an binne kan garwashi ya kwana biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ya ciyar bara ba ya binnewa bana, kowa ya san wannan, babu wanda ya taɓa faɗa.

Saboda haka tun shekaranjiyan tsere ka ɗauki sandarka ka zaga bayan gidajen kamar mai neman akuyar da ta ɓata. Inda hancinka ya ji hayaƙi, ka gama alƙalanci. Ranar tsere rakiya ce kawai.

2. Karɓi baƙon hannu bibbiyu

Kwamitin tsere zai aiko maka da mai na'ura. Ni sun aiko mini da wani Injiniya Ƙais daga Maskat, babban birninmu, siriri, rawaninsa a goge, takalminsa bai san rairayi ba. Kada ka ɗaure fuska. Zaunar da shi, tura masa dabino, zuba masa gahawa, ka bar shi ya zuba bayani. Ɗan boko kamar tulu mai huji yake, ba sai ka karkata shi ba.

"Baffa, kafin ka ƙifta ido sau ɗaya ta ɗauki hoto dubbai," in ji shi. "An koya wa kwamfutar gane hancin mota. Da ya taɓa layi za ta ja masa alama. Ko tazarar ƙwallon dabino ce sai ta gani."

Na ce, "Ma sha Allah. Ta san Hamud?"

"Ba ruwanta da kowa, Baffa. Amfaninta ke nan."

"Tana jin ƙanshi?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ka bar shi ya yi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, ita kuwa tasu mudu ce zalla, ta iya awo, ba ta san farashi ba.

3. Kada ka taɓa ta da mugunta, karrama ta

Wasu za su ce ka yanke wayarta ko ka jefa mata mayafi. Wannan aikin ƙananan mutane ne, kuma tana ɗaukar hoton mai yi. Kai baƙunta za ka yi mata.

Da safen tsere na sa aka cika kasko da garwashi, na zuba lubban har da tozo, na tsaya ƙarƙashin sandar ina kaɗa mata hayaƙi da hannun riga yadda ake yi wa gemun babban baƙo. Na bi da ruwan wardi, na yayyafa mata a ido. Wa zai ce ka yi laifi? A ƙasar nan ba a mayar da turare.

Tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya, don duk ɗan halas ya san in an zaga da turare zama ya ƙare, baƙo sai ya nemi takalminsa. Shi kuwa Ƙais sai ya shaƙa, ya ce Allah ya ƙara arziki, ya zaro ƙyalle ya goge gilashin, ya miƙo kofinsa a ƙara masa gahawa. Ashe ma akwai kyamara ta biyu a tsallaken layi, sun sa juna a gaba kamar surukai.

Matakin nan bai ci ba, amma ba laifin matakin ba ne, laifin tarbiyyar yaron ne. Ka yi shi duk da haka.

4. In motoci sun shigo, haɗiye harshenka

Nan ne tsofaffi ke kashe kansu. Sai su riga na'ura magana, ta ƙaryata su a gaban jama'a, a mayar da su masu gadin takalma.

A shekarar, bayan gidan Zahran hayaƙi ya tashi, bijimi guda da awaki ya binne. Motocin suka gangaro daga tudu suna kuka, ƙura ta rufe mu, suka wuce ni tare. Jama'a suka juyo suna kallon hannuna. Na sauke tuta, na kama tari, na nuna Ƙais da sanda.

"Ga sabon alƙali can. Ni ai yanzu baƙo ne."

Ya duba allonsa, ya ɗauki lasifika da murnarsa ya ce motar Talib ɗan Hamud ce ta riga, da faɗin yatsa biyu.

Talib ya haye saman mota yana kaɗa rawani. Shi kaɗai.

5. Bar yunwa ta yi maka aiki

Kada ka yi gaggawa. Koma inuwa, ɗora kwanon za'afaran a cinya, ka rufe shi da tafin hannu.

Zahran ya miƙe ya gyara wuƙar ɗamararsa, ya ce wa ɗan'uwansa, "Barka, ɗan baffa. Sai mu bi ka gida, ko? Mun ji an ce shinkafar gidanka ta yi kyau bana." Ya ƙara da cewa naman da ke raminsa ya gwammace ya zama gawayi da a ci shi a walimar wani.

Fuskar Hamud ta koma kamar tsohuwar salka. Mutumin da ya yanka raƙumi bara, yau abin da ke gidansa ba zai ishi direbobin ba, balle mutanen da suka taho tun daga bakin teku da 'ya'yansu, ba su karya ba don sun san inda za su. Rana ta take tsaka. Yara suka fara kuka. Iska kuma, Allah ya yi mata albarka, ta juyo daga bayan gidan Zahran.

Ka ƙirga da cikinka, ba da agogo ba. In ka ga shi kansa mai na'urar ya fara haɗiyar yawu yana waige, lokaci ya yi.

Hamud ne ya zo ya durƙusa kusa da ni, mutumin da ya sa hannu a kawo kyamarar.

"Dattijo, kai me idonka ya gani?"

"Wane ido? Ba ku kuka ce ya tsufa ba?"

"Don Allah bar tone-tone. Mutane na kallona."

6. Nemo abin da za a rataya wa laifi

Kada ka ce na'ura ta yi ƙarya, za a sake nuna hoton. Cewa za ka yi a nuna maka, ka sunkuya ka daɗe kana kallo kamar ka san abin da kake yi. Kowace mota a nan tana da abin da ya lanƙwaso a gabanta. Ta Talib jan geza ce irin ta wuyan raƙumi, uwarsa ta ɗaura masa don baki.

Na ɗora kan sandata a allon. "Wannan mene ne?"

Hamud bai bari na rufe baki ba. "Geza ce! Gezar ce ta shiga, ba motar ba. Ni ban ga mota a nan ba."

"Ranka ya daɗe, motar ɗanka ce fa," in ji Ƙais. "Kuma na'urar ta san geza, ta cire ta daga lissafi. Ƙarfen gaban ta auna."

Na juya wajen jama'a a hankali. "Kun ji da kunnenku. Abin da uwa ta ɗaura wa ɗanta da hannunta, akwatin nan ya cire. Wa ya ba shi izini?"

Kada ka damu maganar ba ta haɗa hanya da wadda ta gabace ta ba. Mai jin yunwa ba ya bin sawun hujja. Wurin ya ɗauki guna-guni, wata tsohuwa ta yi tir da akwatin har kakanninsa.

Talib ya kutso yana huci. "Baba, wallahi ni na riga shiga. Ga shi a hoto."

"Rufe mana baki," in ji uban. "Hoton za ka yanka musu?"

7. Bar wa ɗan boko takardarsa

Ƙais ya kafe, ya ce ko za a binne shi tare da bijimin ba zai canza abin da na'ura ta nuna ba. Na yaba masa a zuci, taurin kai ado ne ga namiji. Kada ka ja da shi. Ce masa ya rubuta sunan Talib, ya ba shi kofin da kwamiti ya aiko, wani abu mai ƙyalli da ko nono ba ya riƙewa. Kai kuma ɗauki kwanonka ka taka zuwa motar gidan Zahran, ka shafa mata za'afaran tun daga goshi har fitilu.

Aka buɗe rami. Hamud ya fi kowa ci. Ƙais ya zauna kusa da ni, maiƙo har gwiwar hannu. Je ka tambayi kowa a rairayin nan wa ya lashe tseren shekarar, za a gaya maka gidan da aka ci bijimi.

Har gobe kyamarorin na nan a kan sandunansu, suna awonsu, ana rubutawa a aika Maskat. Bana Ƙais ya iso tun shekaranjiyan tsere, wai zai gwada wayoyi. Na same shi a bayan gidan Hamud, hanci a sama.

"Me kake nema, Injiniya?"

"Akuya ce ta ɓace mini, Baffa."

Gargaɗi

Abin da na faɗa a kan rairayinmu na gwada shi. In ka kai shi inda ake tsere don kuɗi, ko inda makanikai biyu ne, ko inda masu kallo ke zuwa da abincinsu a kula, aka kore ka ko aka fasa maka baki, kada ka ambaci sunana. Ban san ka ba, ban iya rubutu ba, kuma duk wanda ya ce ya ga hannuna a takardar nan sai ya kawo hoto.