Jarumtar Sakan Uku

A duk faɗin Los Angeles, garin da ko mai wankin mota yake yawo da labarin fim a aljihu, ba a taɓa yin jarumi irin Royce Tillinghast ba. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma wa ya fi shi sani? Furodusa ne na fina-finan sararin samaniya, irin waɗanda ake tarwatsa duniya huɗu kafin mai kallo ya ci rabin gugurunsa. Amma ba da wannan yake tinƙaho ba. Abin da ke sa shi dafa ƙirji ya lumshe ido shi ne wai shi ya fara saka namiji mai son namiji a cikin kumbo. Sau biyar yana kafa wannan tarihi, a fim biyar daban-daban, kuma kowane karo shi ne na farko. Shi ya sa ma'aikatan kamfaninsa suke kiransa Karo-na-Farko, amma sai ya ba da baya.

Kada kowa ya raina masa ƙoƙari. A fim ɗinsa na farko, mutumin da ake magana ya rasu tun kafin labarin ya fara, sai hotonsa a jikin bango. A na biyu, wani mutum-mutumin ƙarfe ne mai share daɓe, wanda bayan wata shida da fitowar fim ɗin Royce ya shaida wa 'yan jarida cewa ai can cikin zuciyarsa maza yake so. Sauran ukun ma duk sammakal. Kowace shekara ran ɗaya ga Yuni yakan rataya tutar bakan gizo, alamar masu irin wannan soyayya da ke bikinsu a watan, a tagar ofishinsa, ran ɗaya ga Yuli da sassafe a ninke ta a mayar cikin durowa, don kada rana ta ɓata mata launi.

To, a kamfanin nan akwai wani ɗan wasa mai suna Lionel Pruitt. Shekararsa hamsin da tara, ya fito a fim ashirin da uku, kuma ba wanda ya san fuskarsa. Kullum dodon wata duniya yake fitowa, a liƙa masa fuskar roba mai ido shida ko mai haure, ya yini yana haɗa gumi a ciki, jarumin fim ya harbe shi kafin azahar. Mijinsa Ignacio, tsohon direban bas, shekara talatin da ɗaya suna tare, ta tafiyarsa kawai yake gane shi a silima. Yanzu kuma idon Ignacio ya fara rauni, likita ya ce abin gaba zai yi ta yi. Lionel ba ya neman suna, ba ya neman kambu. Burinsa guda ne, Ignacio ya ga fuskarsa a babban allo ko sau ɗaya ne, tun idon yana gani.

Ana nan sai Royce ya aika a kira shi. Ya tarbe shi a tsaye, da kofin ruwan ganye kore shar a hannu, ya rungume shi da hannu ɗaya yana kallon inuwar kansa a gilashin taga.

"Leonard, ɗan'uwana!" in ji shi. Lionel bai gyara masa sunan ba, don ya gaji da gyarawa. "Yau ni da kai za mu girgiza duniya. A sabon fim ɗina kai ne babban makanikin kumbo, da fuskarka ta Allah, ba roba. Kana da miji, likitan jirgin. Fitowa shida, da magana, da rigima, da sulhu, da komai. An ce min in ji tsoro. Na ce musu ni tsoro ne yake jin tsorona. Wannan shi ne karo na farko a tarihi!"

Lionel ya san halin mutumin sarai, amma zuciya ba ta jin shawara. Ya koma gida bakinsa har kunne, Ignacio ya soya nama ya kira maƙwabta, aka yi ta murna kamar an yi musu haihuwa.

Mako biyu bayan haka jarumtar ta fara motsi. Royce ya kwana yana tunani ya gano cewa fitowa shida cin fuska ne, kamar ana nuna su da yatsa, don haka ya mayar da su huɗu saboda girmamawa. Da ya ƙara girmama su suka koma biyu. Sai ya lura ashe magana tana rage wa soyayya daraja, aka soke maganar. Sumbar da marubuci ya rubuta ta koma runguma, rungumar ta koma riƙe hannu. Kowane ragi sai Royce ya tara ma'aikata ya yi jawabi a kansa, kuma kowane jawabi ya fi abin da aka rage tsawo.

Ranar ɗaukar fitowar da ta tsira, da kansa ya zo, da agogon awo a wuya. A kamfanin nan akwai yadda ake ɗaukar irin wannan wuri, kowa ya iya shi kamar karatun sallah. Ba a magana a ciki, kiɗa ba ya ratsa shi, babu jarumin fim a kusa, kuma labari ba ya jingina da shi ko kaɗan. Dalili kuwa kwafi biyu ake yi wa kowane fim, na gida da na waje. Na waje shi ake aikawa ƙasashen da hukumar tace fina-finansu ba ta son ganin irin wannan, sai a ɗauke wurin cak, ko tabo ba ya bari. Priscilla Odom, matar da ke yanka da haɗa fina-finan Royce, ta ce aikin bai kai ta shanye shayinta ba.

"Ku matsa gefen hagu," in ji Royce, yana ɗaga wa Lionel da ɗan wasan da ya fito a mijinsa hannu. "Ƙara matsawa. Yawwa, bayan bututun nan. Leonard, kada ka kalle shi, kallo yana da nauyi, duniya ba ta shirya ba. Ku riƙe hannu in na ce ɗaya, ku saki in na ce uku. A daidai lokacin wata zai fashe a dama, don ya ƙara wa abin armashi."

Aka ɗauka. Royce ya danna agogo, ya duba, ya share ƙwalla. Lionel ya lallashi kansa. Sakan uku dai sakan uku ne, kuma fuskarsa ce.

Daga nan fa gari ya ɗauka. Ba gidan talabijin da Royce bai zauna a kujerarsa ba, ƙafa ɗaya kan ɗaya, murya tana rawa. "Sau goma sha ɗaya na kalli fim ɗin nan," yake cewa, "kuma duk sanda aka zo wurin nan sai na yi kuka. Masu sayen fim na waje sun ce in cire. Na buga tebur na ce sai dai ku cire ni!" Teburin da ya buga kuwa shi ne wanda ya sa hannu a kansa kan takardar cirewar, da alƙalaminsa na zinariya. Mujallu suka buga hotonsa yana kallon sama, ya riƙe haɓa. Masu sharhi suka yaba. Wasu kuma suka fusata, suka yi cincirindo a ƙofar silima da alluna suna cewa an lalata musu sararin samaniya.

Ranar Asabar ta farko da fitowar fim ɗin Lionel ya kai Ignacio kallon rana, suka zauna a layi na uku don ido. Da aka kusa wurin, Lionel ya matse masa hannu ya ce, "Hagu, duba hagu, ga shi nan tafe." Wata ya fashe. Jarumin fim ya yi tsalle. Aka wuce.

"Na ƙifta ne?" in ji Ignacio.

"Ban sani ba. Ni ma kamar na ƙifta."

Suka koma ran Talata, Ignacio ya sha alwashin ba zai ƙifta ba ko idon zai tsiyaye. Ba su ga komai ba. Bawan Allah ya ɗauka idonsa ne ya ƙarasa, ya je aka canza masa tabarau, suka koma karo na uku. Da suka fito ya zauna a mota ya ce, "Ka yi haƙuri, tsoho. Na makara." Wannan kalma ta yi wa Lionel ciwo fiye da duk robar da aka taɓa liƙa masa, don shi idonsa garau yake, kuma shi ma bai ga kowa a bayan bututun ba.

Ya kira Priscilla. Ta bincika, bayan awa ɗaya ta kira shi tana dariyar da ba ta daɗi ba. Kwafin biyu sunansu ɗaya, tsawonsu ɗaya in ban da sakan uku, sai masu rarrabawa suka ɗauki na waje suka aika wa kowace silima a ƙasar. Mako bakwai ke nan fim yana tashe. Masu yabo sun yaba, masu zagi sun zaga, kuma ba ɗayansu da ya lura cewa abin da suke faɗa a kai babu shi. Priscilla ta rubuta wa Royce saƙo, amma maigidan ba ya karanta saƙon da ya wuce layi ɗaya. Lionel ya je ofis sau uku, sakatariya tana ce masa yallaɓai yana atisayen jawabi, don wata ƙungiyar masu fafutukar ganin irinsu Lionel a fina-finai za ta ba shi lambar yabo ta jarumta.

Liyafar cin abincin rana aka yi, a babban ɗakin taro na wani otal, mutum ɗari shida, ga ƙaton allo a bayan dandamali, ga masu kyamara suna ɗauka kai tsaye. An gayyaci Lionel da Ignacio, aka ajiye su a tebur na arba'in da ɗaya, dab da ƙofar kicin, inda duk mai fitowa da faranti sai ya goge su. Royce ya hau dandamali cikin farar kwat, ya karɓi kambun gilashi, ya rungume shi a ƙirji.

"Ban cancanci wannan ba," in ji shi, ya dakata don a musa masa. "Ni ba kowa ba ne face mutumin da ya ga ƙofa a rufe ya sa kafaɗa. Yau akwai yaro a wani ƙauye da ya shiga silima ya ga kansa a cikin taurari, saboda ni. Ban nemi godiya ba. Amma in an yi, ba zan hana ba."

Minti ashirin da biyar ya yi a kan wannan turba. Da ya numfasa, shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa mai furfura da ba ta cika dariya ba, ta ce to bari a nuna wa jama'a wurin, daga kwafin da ke silima. Aka rage fitila. Royce ya zaro hankici ya shirya.

Wata ya fashe. Jarumi ya yi tsalle. Aka wuce.

"A sake," in ji Royce. "Ku dubi hagu."

Aka sake, a hankali wannan karon, hoto bayan hoto. Mutum ɗari shida suka zuba wa hagu ido. Bututu ne, kyakkyawan bututu, ba kowa a bayansa. Ɗakin ya yi tsit har ana jin ƙarar cokula daga kicin. Zufa ta keto wa Karo-na-Farko, hankicin kuka ya koma na goge goshi. Amma namiji ba ya faɗuwa a banza, ya gyara tsayuwa ya jawo makirufo.

"Wannan ita ce hikimar!" in ji shi. "A duniyar da nake mafarki, an karɓe su hannu bibbiyu, sun saje da kowa, har ba a ganinsu. Ku tambayi kanku, akwai daidaiton da ya wuce wannan?"

Ignacio ba mutum ne mai magana a taro ba, amma shekara ashirin da takwas ya yi yana kiran sunayen tasha a cikin hayaniyar bas, kuma muryar ba ta yi ritaya ba. Ya miƙe daga tebur na arba'in da ɗaya, ya dafa kafaɗar Lionel.

"Yallaɓai, sannu da ƙoƙari," ya ce. "Ni da mutumin nan mun yi shekara goma sha biyar muna ɓuya. Mun ɓoye wa mai gidan haya, mun ɓoye wa uwata, mun ɓoye wa wurin aiki. Amma wallahi ba mu taɓa ɓuya da kyau kamar yadda ka ɓoye mu ba. Har tabarau ka sa na canza."

Dariya ta ɓarke daga bayan ɗaki ta gangaro gaba. Masu kyamara, da yake hayaniya suke bi, suka juya baki ɗaya zuwa ƙofar kicin, sai ga fuskar Lionel Pruitt ta cika ƙaton allon nan tun daga sama har ƙasa, da furfurarta, da tabon reza a haɓa, da idanu jajur. Ba ta tsaya sakan uku ba, ta fi minti guda, jama'a suna tafi a tsaye. Ignacio ya gyara tabarau, ya ɗaga kai ya ƙare mata kallo a nitse, bai ƙifta ba.

"Na gan ka," ya ce a hankali. "Amma hancinka bai kai haka girma ba a gida."

A can dandamali Royce yana ta bayani da hannu biyu cewa ai duk wannan shi ya tsara, sai dai wani mai tausayi ya riga ya kashe makirufon, baki kawai ake gani yana motsi. Dattijuwar ta matso kusa da shi cikin ladabi, ta ce gumin hannunsa ya ɓata kambun, ya kawo a goge masa. Ya miƙa mata. Shekara biyu ke nan, har yanzu ana gogewa.