Yadda Za Ka Je Taron Lauyoyi na Shekara Ka Dawo da Muƙami

Ɗan'uwa lauya, idan ka daɗe kana zuwa taron ƙungiyarmu na shekara-shekara, kana dawowa da jaka da biro da murar sanyin zaure, amma har yau babu wani babba da ya san sunanka, to gyara zama. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka dawo gida da muƙami, manya su riƙa tambayar lafiyarka, alƙalai su riƙa ce maka ka zauna. Ba ƙirƙirar su na yi ba. A kan idona abokina ya bi su, wanda muke kira Ɗage, saboda tun da ya sa baƙar riga ba a taɓa jin ya roƙi kotu komai ba sai a ɗage zama. Ofishinmu ɗaya da shi, a saman wani kantin magani.

Mataki na 1: Kawar da shari'ar da ta tsaya maka a hanya

Taro ba ya taɓa faɗowa a makon da ba ka da aiki. Saboda haka aikin ne zai matsa.

Ɗage yana riƙe da shari'ar yayan matarsa, wani mai gidan burodi. Saɓani ya shiga tsakaninsa da mai ginin da yake haya, sai mai ginin ya zo ya garƙame ƙofa da kwaɗo. Tanda ta huce, ma'aikata suna zaune a gida, buhunan fulawa na ciki a kulle. Ranar da kotu ta sa don sauraren roƙon a buɗe ƙofar, ita ce ranar buɗe taro. Matar Ɗage ta tuna masa har ta gaji. Ta ce Yaya bai nemi wani lauya ba saboda yana da lauya a gida. Ɗage ya ce ta kwantar da hankalinta, wannan ai ƙaramar magana ce.

Sai ya roƙi wani lauya ya tsaya a madadinsa ya shaida wa kotu cewa yana kwance, ciwon baya ya hana shi ko juyawa. Matarsa kuwa ya ce mata kotun ce da kanta ta ɗage.

Ka lura da hikimar zaɓen ciwo. Zazzaɓi ana taɓa goshi a ji. Karaya tana buƙatar ɗauri. Rasuwar kaka kuwa kada ka kusance ta, lauyoyi sun binne kakanninsu har magatakardan kotu sun haddace su. Amma baya, baya sirri ne tsakaninka da Mahaliccinka.

Mataki na 2: Rataya katinka yadda ya kamata

Da isarka otal za ka tarar da layi a gaban teburin rajista. Kada ka shiga. Ka tsaya daga gefe, waya a kunne, kana cewa da ƙarfi, "Ka faɗa musu ba zan karɓi shari'ar ba, hannuna cike yake." Ba dole ne a sami kowa a ɗaya ɓangaren ba. Ka dai kashe ƙarar wayar tukuna, don na taɓa ganin wanda tasa ta yi kuka a kunnensa yana tsaka da korar wani babban kamfani.

Katin da za a rataya maka a wuya kuwa, ka juya shi ya kalli cikinka. Wanda ba a iya karanta sunansa ba, ana ɗauka ya wuce a tambaya.

Mataki na 3: Zaɓi babba ɗaya ka manne masa

Kada ka raba gaisuwarka ga kowa, za ta yi araha. Ɗage ya zaɓi Baba Ƙoli, dattijon da ya daina taka ƙananan kotuna tun muna makaranta. A lokacin yana tattara lauyoyin da za su zauna a bayansa a wata babbar shari'a ta kamfanoni, irin wadda ake ɗauka a talabijin. Ɗage ya faɗa mini a mota cewa ya gaji da shari'ar kwaɗo da iyakar gona. Ya ce in dai ya zauna bayan Baba sau ɗaya, ko fayil kawai ya riƙe, to ya bar saman kantin magani ke nan. Da gaske yake, don idonsa har ya yi ja.

Aikin ba wuya. In babbanka ya yi raha, ka riga kowa dariya, ka kuma zama na ƙarshen dainawa. In ya ambaci wata tsohuwar shari'a, ka rufe ido ka gyaɗa kai kamar kai ka rubuta hukuncin. In ya miƙe, ka riga direbansa kai hannu kan jaka.

Ɗage ya yi duk wannan, amma akwai irinsa da yawa, kowa da haƙoransa a waje. Har aka tashi shan shayi Baba Ƙoli yana kiransa "kai yaro".

Mataki na 4: Karanta sunayen baƙin da aka gayyata

Wannan matakin Ɗage ya tsallake, kuma da bai tsallake ba da bai yi nasara ba. Don haka ka karanta, sannan ka yi kamar ba ka karanta ba.

Washegari ya ɗauko jakar Baba Ƙoli a hannun dama, faranti cike da nama a hagu, yana haye matakala bibbiyu, sai ga shi ido da ido da Mai Shari'ar da ya aika wa saƙon kwanciyarsa. Mace ce da lauyoyi ke kira Ba Ta Dariya, an gayyato ta ne ta yi jawabi a kan ɗa'ar aiki. Ta dubi jakar, ta dubi farantin, sannan ta dube shi.

"Barista, baya ya saki ke nan?"

Ina bayansa, na ga yadda mutum ke tsufa a tsaye. Ya lanƙwashe, ya dafa bango da gwiwar hannu, ya ce, "Ya Mai Shari'a, likita ne ya ce in riƙa ɗan motsawa."

Ta ce madalla, Allah ya ƙara sauƙi, tana nan har a tashi taro, za ta riƙa duba jikin nasa.

Daga nan babu komawa. Matsalar ɗingishin ƙarya ita ce mantuwa: kafin la'asar Ɗage ya ɗingisa da dama, ya ɗingisa da hagu. Ni na ba shi shawara ya jefa murfin kwalba a takalmin hagu, kuma ina ba ka ita kyauta. Ƙafar da ke kan murfin kwalba ba ta manta aikinta.

Mataki na 5: Rungumi ciwon, kada ka ji kunyarsa

Masu shirya taro suna son a ga tausayinsu. Da suka ga lauya yana jan ƙafa, sai suka samo masa sanda, suka ɗauke shi daga can baya inda muke zaune kusa da ƙofar banɗaki, suka kai shi layin gaba, kan kujera mai laushi. Wa ke kujerar kusa? Baba Ƙoli, wanda ya shekara da shekaru yana fama da ciwon baya na gaske, ya kuma rasa mai sauraren labarinsa, don 'ya'yansa da ma'aikatansa duk sun ƙoshi.

Daga inda nake ina hango kawunansu a haɗe. Mai jawabi yana ta fama da makomar shari'a a zamanin kwamfuta, su kuwa suna kan katifa mai tauri da ruwan zafi. Baba ya tambaye shi wace gaɓa ce ke damunsa, ta sama ko ta ƙasa. Ɗage ya ce duka. Dattijon ya girgiza kai, ya dafa gwiwarsa, ya ce yaro ƙarami da wannan jarrabawa, sannan ya juyo katin wuyansa da hannunsa ya karanta sunan.

Na yi shekaru ina ɗaukar jakunkunan manya a wannan taro, babu wanda ya taɓa juya katina. Ka riƙe wannan: ilimi kowa a zauren yana da'awarsa, amma ciwo iri ɗaya da na babba, sai mai rabo.

Mataki na 6: Karɓi makirufo

Ka san ƙa'ida. Ba a yin tambaya a taron lauyoyi. Ana cewa "'yar gajeriyar tambaya ce", sannan a gaishe da babban tebur mutum-mutum, a ba da tarihin kai, a zauna.

A rana ta ƙarshe Ba Ta Dariya ta hau mumbari. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ambaci sunan kowa ba. Ta ce a makon nan ta ɗage wata shari'a saboda rashin lafiyar lauya. Bayan an tashi, magatakarda ya shaida mata cewa mai ƙarar bai tafi ba. Yana tsaye a baranda da hularsa a hannu, yana tambaya ko za a yarda a buɗe masa ƙofar shagonsa na ɗan lokaci, ya kwashe fulawarsa kafin ƙwari su cinye, sannan a mayar da kwaɗon. Ta ce ba ta da ikon ba shi amsa sai lauyansa ya warke. Ta ce a takarda ɗage zama layi ɗaya ne, amma akwai wanda ke kwana a cikin layin nan.

Sai na ga hannun Ɗage a sama.

Na san shi, kuma na rantse a lokacin gaskiya ya tashi faɗa. Fuskarsa ta jiƙe da gumi duk da sanyin zauren, ya miƙe tsaye cak, ya ma manta da sandar. Amma kafin ya buɗe baki Baba Ƙoli ya jawo rigarsa, ya ce da ƙarfi, "Zauna, ɗana. Daga zaune za ka yi magana, kowa ya san halin da kake ciki." Aka fara tafi. Mai ɗaukar hoto ya matso. Ɗage ya dubi makirufo, ya dubi Mai Shari'a, ya dubi dattijon da ke riƙe da hannunsa, sai abin da ya fito daga bakinsa ya zama roƙo ga ƙungiya ta riƙa tunawa da lauyoyin da ke aiki cikin ciwo ba tare da sun yi ƙorafi ba. Muryarsa na rawa, kuma rawar ta gaske ce.

Mutane suka miƙe suna tafi. Nan take aka kafa kwamitin kula da lafiyar lauyoyi, Baba Ƙoli ya ba da sunan Ɗage a matsayin shugaba, babu wanda ya ja. Mai Shari'a kaɗai ce ba ta tafa ba. Ta tattara takardunta ta sauka.

Mataki na 7: Koma gida ka girbi abin da ka samu

Bidiyon ya riga mu isa gida. Ɗage ya yi ta shirya amsar da zai ba yayan matarsa, ashe ba a buƙatar ta. Mutumin ya zo da kansa, da ledar lemo a hannu, ya zauna a bakin kujera yana yi masa sannu. Ya roƙi Ɗage ya yafe masa, don ranar kotu ya yi masa mummunan zato a zuciya, bai san haka jikin ya yi tsanani ba. Ya ce fulawar kam ta tafi, amma lafiya ta fi fulawa. Ya kuma kai shari'ar wurin wata lauya don kada ya ƙara masa nauyi. Da zai tafi ya hana shi tasowa rakiya.

Matarsa tana tsaye a ƙofar kicin, ita da ta ga yadda ya sauko da akwatinsa a kafaɗa ranar tafiya. Sai da ƙarar babur ɗin yayanta ta ɓace sannan ta yi magana, a hankali.

"Yaya ya yarda. Ka ci gaba da riƙe sandar nan duk ranar da ya zo, Shugaba. Ba na so ya san wanda na aura."

Baba Ƙoli ma bai manta da shi ba. Ya kira shi da kansa, ya ce ya yi tunani, ba zai sa shi a babbar shari'ar ba, don akwai doguwar tsayuwa da tafiye-tafiye, ba zai ɗauki alhakinsa ba. A maimakon haka ya aiko masa da mai tausar da ke duba shi, wani ƙato mai hannu kamar faranti. Ɗage ba shi da halin ƙi. Aka kwantar da shi a ƙasan ofis, aka murɗa shi dama, aka murɗa shi hagu, wani abu ya ce ƙas. Tun daga ranar bai ƙara buƙatar murfin kwalba ba.

A kotun Ba Ta Dariya kuwa yanzu akwai kujerar da aka ware masa. Da ya shigo take cewa ya zauna, kuma tunda a zaune yake, ba ta ga dalilin ɗage komai ba.

Ka ga dai duk abin da na yi maka alkawari ya tabbata.

Sanarwa

Wannan rubutu ba shawarar lauya ba ce, ba kuma ta likita ba. Marubucin ba shi da hannu a duk wata fulawa da ta lalace, ko shari'ar da ta koma hannun wani, ko gaɓar da ta goce. Wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa, ta dama ko ta hagu. Idan kuma ka wayi gari matarka tana ajiye maka abinci ba ta zama, ta daina kiranka da sunan da ita kaɗai ke kiranka da shi ta koma ce maka Shugaba, kada ka zo ofishina. Na duba, babu kotun da ke sauraren irin wannan ƙara.