Yadda Kwamanda Ya Sami Sabon Masai

"Ni fa, kare ko na aljanu ne, kwana huɗu sun ishe ni in koya masa ladabi!" in ji Tanko, yana dukan ƙirji a majalisar ƙofar gidan Baffa da ke Soron Ɗinki. "Shekara bakwai na yi a Legas ina horar da karnukan Turawa. Akwai wanda sai ya ƙwanƙwasa ƙofar banɗaki yake shiga, in ya gama ya ja ruwa."

Abokina, in ba ka san Tanko ba, ka huta. Dillalin tsofaffin wayoyi ne, gajere mai tumbi, bakinsa ya fi shi tsawo. Kurarin nan kuwa ba banza ba. Wata biyar yana zarya wajen Jummai, ƙanwar Baffa, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ta taho da sana'arsa ta fatu, da kuma karen da ke gadinsu, Kwamanda. Shi kuwa Kwamanda duk faɗin unguwar bai ga wurin fitsari ba sai dakalin da liman, Malam Abdulbaƙi, yake shimfiɗa buzunsa. Malam ya gaji da wanki, ya yanke hukunci: in Juma'a ta zo bai daina ba, kare ya bar unguwa.

"To Sarkin Karnuka," in ji Baffa, "raba shi da dakalin nan kafin Juma'a, ka turo magabatanka."

Ranar Litinin Tanko ya tsuguna gaban kare ya yi masa lacca da Turanci, wai irinsu ba sa jin Hausa. Kwamanda ya saurara tsaf, ya yi hamma, ya nufi dakali ya ɗaga ƙafa.

"Gwaji yake," in ji Tanko. "Haka masu basira suke farawa."

Talata ya barbaɗe dakali da garin barkono. Kare bai zo ba, Malam ne ya zo ya zauna. Sai da aka yi karatun yamma a tsaye, rabi hadisi rabi atishawa.

"Tanko," Malam ya ce yana share hawaye, "ni kake horarwa ko karen?"

Laraba haushi ya ci gwanin. Ya hango Kwamanda ya doshi dakali, ya cire tsohon takalminsa ya jefe shi. Ya kuskure, takalmi ya faɗa juji a bayan gida. Kare ya bi shi, ya sansana, ya tsula masa fitsari.

Tanko ya yi tsalle. "Kun gani? Babban sirrin Turawa ke nan, da ma ɓoye shi nake!"

Ya bar takalmin a juji, ya cika aljihu da kilishi. Duk sanda Kwamanda ya jiƙa takalmi, sai ya sami yanki. Kwana biyu dakali a bushe ƙarau. Tanko ya shiga kasuwar Kurmi ya sayo jan takalmin fata na angwanci, har yana tambayar mutane ko hula ta dace da shi.

Juma'a da aka sauko, dattawa suka taru a zauren Baffa, kowa ya tuɓe takalminsa a bakin ƙofa. Jummai na bayan labule tana saurare.

"Yanzu ko yanka shi za a yi," Tanko ke faɗa, "ba ya fitsari sai a juji. Na ɗaure masa ƙwaƙwalwa tamau."

Yana cikin haka ya hango Kwamanda ta ƙofa yana bin sahun takalma da hanci. Ya tsallake na Malam. Ya tsallake na Baffa. Da ya iso jan takalmi, ya ji ƙamshin ƙafar malaminsa Tanko, sai ya cika shi taf, dama da hagu, ya zauna yana kaɗa wutsiya, yana jiran kilishi. Tanko ya ƙara ɗaga murya don kada kowa ya waiga.

Aka kira la'asar, kowa ya miƙe.

"A'a, Tanko," in ji Baffa, "takalminka ya zama rijiya?"

"Buta ce! Wani ne ya ture butar alwala."

Malam, wanda ya ga komai ta wutsiyar ido, ya shafa gemu. "Alhamdulillahi, ruwa mai tsarki ne ke nan. Saka mu tafi. Yau kai za ka ja mu salla."

Tanko ya tsaya ƙafa ɗaya a sama, ya kasa sakawa, ya kasa fasawa. Kwamanda kuwa da ya ga shiru ba kilishi, sai ya ɗauka aikinsa ne bai cika ba. Ya matso cikin ladabi, ya ɗaga ƙafa, ya ƙarasa sauran a wandon shadda.

Dariya ta kwashe zaure, har Malam sai da ya dafa bango.

"Kare ya bar dakali," ya ce da ƙyar. "Ya zauna a unguwa."

Tanko ya juya da sauri wajen Baffa. "To ai na cika alkawari. Maganar magabata..."

Sai muryar Jummai ta fito daga bayan labule.

"Yaya, a ce masa na gode, amma kada ya wahalar da dattawa. Masai a bayan gida ake barin sa, ba a kai shi ɗaki."