Wakilina da Ya Fi Ni Iya Gardama

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Sauƙaƙa-Shawara, Allah ya ƙara maka basira.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina godiya da wakilin da kuka sanya wa kowane ɗan ƙungiyar manomanmu a cikin waya, wanda ke tattara ra'ayinmu ya yanke mana magana. Ga 'yan ƙorafe-ƙorafe, in an yarda tsoho ya yi.

Na ɗaya. A da, a zaurena ake taro, domin ƙafafuna sun daina kai ni ko'ina. Ba a rasa abin da zan ƙi: rabon taki, inda burtali ya bi, wurin haƙa rijiya. In na ƙi, sai a ɗage zuwa Asabar mai zuwa, a dawo. Tun rasuwar Shatu, matata, waɗannan Asabar ɗin su ne baƙina.

Na biyu. Da magatakardanmu Ikrima ya kawo waya ya ce in faɗa mata duk abin da na sani, daɗi ya cika ni. Na gyara hula, na zuba mata tarihin kowace gona har da abin da ba ta tambaya ba. Wa ya aike ni?

Na uku. Yanzu wakilina ke zuwa taro a madadina, can cikin iska. An ce kafin a gama karanta batu ya riga ya ƙi, da hujjojina, har da karin maganata. Na so in ƙaryata shi. Na aika aka faɗa mini batun, niyyata in amince ko mene ne. Ashe so suke a sare tsamiyar bakin kasuwa. Ranka ya daɗe, yaya zan yi? Na ƙi.

Ba ya tari, ba ya mantuwa, ba ya neman a maimaita. Tabarmina kuwa suna naɗe, gara ta fara zama a kansu.

Ba na roƙon a kore shi, ya fi ni iya aikina. Abu ɗaya nake nema. Ranar da na kwana biyu ban taɓa wayar ba, ku sa shi ya amince da duk abin da aka kawo. Mutanena sun san ni. Za su taso su leƙo ɗakina.

Naka mai biyayya, har inda ƙarfi ya kai,

Malam Sha'aban Sada
Tsohon malamin firamare, Zango