Ɗari Bisa Ɗari na Injiniya Dakata

In ana lissafin waɗanda Allah ya yi wa baiwa har ta cika tana zuba ta gefe, dole a fara da Injiniya Dakata, maginin shafin intanet na kamfanin motocin safa. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa da an haife shi da wuri, da shi zai ƙirƙiro intanet ɗin, kuma da ta fi haka tsari. Mutum ne mai tawali'u ƙwarai. Bai taɓa yabon kansa fiye da sau tara a zama ɗaya ba.

Dakata ba sunan yanka ba ne, abokan aiki ne suka raɗa masa. Duk wanda ya buɗe shafin don kama kujera, wata da'ira zai tarar tana juyi, an rubuta "dakata kaɗan" a ƙarƙashinta. An ce wani fasinja ya buɗe shafin da safe, ya gaji ya taka zuwa tasha, ya hau mota, ya isa garinsu, ya gaisa da dangi ɗaki-ɗaki, sannan da'irar ta tsaya. Da labarin ya iso, Injiniya ya ce wannan shaida ce motocin kamfani sun fi intanet gudu, a saka a talla.

Allon kwamfuta uku ne a teburinsa. Ɗaya na aiki, ɗaya na sha'awar aikin, na ukun a kashe yake kullum, don a nan yake duba fuskarsa. Rubutun shafinsa toka-toka ne a kan fari, ƙanana kamar kashin ƙuda. Maɓallan kuwa ya cire musu kalmomi, wai rubutu a kan maɓalli ƙauyanci ne. Wurin sayen tikiti gashin tsuntsu ya zana, wurin fasa tafiya kuma wani gashin tsuntsun, amma yana kallon hagu.

Matar da ke amsa wayar ƙorafi, wadda kunnenta ya kusa yin kanta saboda zagin fasinjoji, ta taɓa roƙonsa ya ƙara wa harufan girma ko da na ƙwayar gero ne. Ya dube ta da tausayi.

"Baiwar Allah, ni ba shafi nake ginawa ba, yanayi nake ginawa. Wanda bai gane ba, ba shafin ne ya gaza ba, shi ne bai ƙaraso zamani ba."

Ana nan sai kujerar Daraktan Fasaha ta zama babu kowa. Manaja ya kira Injiniya ya ce kujerar tasa ce, bisa sharaɗi guda: shafin ya zama kowa na iya amfani da shi, har makafi da masu raunin gani. Ƙungiyar makafi za ta turo mai gwadawa, in ta kama kujerar mota da kanta, shi ma ya hau tasa. Kafin azahar Injiniya ya auna labulen ofishin Darakta. Kafin la'asar ya buga katin shaida. Washegari surukansa suka fara yi masa barka.

Mai amsa wayar ƙorafi ta sake zuwa, ta ce makafi na da manhajar da ke karanta musu abin da ke kan allon waya, don haka kowane hoto yana bukatar ɗan bayani a ɓoye a bayansa, kowane maɓalli kuma suna. Injiniya ya ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, amma tunda Manaja ya matsa, zai yi sadaka. Ya rufe ido minti biyu, ya lalubo linzamin kwamfutarsa, ya buɗe ido ya shelanta cewa yanzu ya san makanta ciki da bai.

Sai ya samo wata manhaja mai ba shafi maki kan sauƙinsa ga makafi. Nan ya gano sirrin da ya faranta masa rai: ba ta karanta bayanin hoto, dubawa kawai take ko gurbin a cike yake. Hotuna ɗari biyu da sha biyu ne a shafin. Ya naɗe hannun riga. A hamsin na farko kirari ya yi wa kansa. Daga nan, abin al'ajabi, yabon ya ƙare masa, ga shi ya iso hotunan ma'aikata. Sai ya shiga amayar da abin da ke cikinsa, hoto bayan hoto, yana dariya shi kaɗai. Maɓallan kuma duk ya sa musu suna ɗaya, "maɓalli", don adalci. Manhaja ta ba shi ɗari bisa ɗari. Ya buga sakamakon, ya sa a gilashi, ya rataye inda mai shigowa zai yi karo da shi.

Ranar gwaji aka cika ɗakin taro. Mai gwadawar wata dattijuwa ce, malamar makaranta mai ritaya, da sandarta da wayarta, kuma da gaske take son kujera a motar Alhamis don ta je duba 'yarta. Injiniya ya yi jawabin minti arba'in a kan tausayin nakasassu, yana ɗaga mata murya kamar kunnen ne ya samu matsala. Ta bar shi ya gama, ta buɗe shafin.

Yatsanta na shafa allo, wayar na magana da gudun da ba wanda ke tsintar ko kalma sai ita, saboda a haka ta saba saurare. Ta wuce maɓalli ashirin da uku masu suna ɗaya, ta yi bismilla ta danna guda. Shafin ya taya ta murna, ya yi mata rajista a matsayin kaya, buhu ɗaya, a saman mota. Ta ce ba komai, ta koma baya. Can sai aka ga ta tsaya, ta kara wayar a kunne, kafaɗunta na rawa.

Injiniya ya ga murmushi, ya san aikinsa ne ya ratsa ta. Ya ce ai bai kamata Mama ta sha daɗin nan ita kaɗai ba, a rage gudun muryar, a haɗa da lasifika kowa ya amfana.

"Ɗana, ka tabbata?" in ji Malama. "Ni na ji, ya isa. Bar shi tsakanina da kai."

Ya ce ilimi ba a ɓoye shi. Da hannunsa ya jona wayar.

Murya ta fito, ta mace, a natse, ba fushi ba dariya, irin ta mai karanta sanarwa. "Hoto. Motar safa mai sa'a, wadda Injiniya ya taɓa jingina da ita." Aka yi 'yar dariya, ya rusuna. "Hoto. Taya. Zagayayye kamar basirar Injiniya, ba farko ba ƙarshe." Ya ɗaga hannu yana karɓar gaisuwa. "Hoto. Shugaban direbobi, hancinsa kan riga motar isa tasha." Dariyar ta koma gefe guda na ɗakin. "Hoto. Mai amsa wayar ƙorafi, rediyo mai jini, ba a kashe ta." Murmushin Injiniya ya daskare. Ya tuna hoton da ke biye.

Ya daka tsalle zuwa kwamfutarsa don ya sauke shafin. Da'ira ta fito tana juyi. Ya nemi maɓallin rufewa, ashe makon jiya ya ɓoye shi don yana ɓata kyan kusurwa.

"Hoto. Manaja. Tumbi a gaba, shi a baya. Bai san bambancin kwamfuta da talabijin ba. Kujerarsa tawa ce nan da shekara biyu, in hawan jini ya taimaka."

Injiniya ya ce, ranka ya daɗe, wayar ce ta kamu da cuta, irin waɗannan tsofaffin wayoyi sukan yi sambatu. Manaja bai dube shi ba. Ya tambayi Malama cikin ladabi ko ana iya maimaitawa. Ta ce sau nawa yake so. Sau uku ya saurara, yana gyaɗa kai kamar mai haddace karatu. Daga ƙarshe ya fita da kansa ya yanko mata tikitin Alhamis da biro, kusa da taga.

Manaja mutum ne mai cika alkawari, ya ce an yi maganar kujera, kuma za a bayar. Aka ajiye wa Injiniya ta roba a bakin ƙofar tasha. Duk fasinjan da shafin ya gagara, wato duk fasinja, wurinsa zai zo, ya karanta masa da baki, ya cike masa takarda da hannu, har ranar da za a gyara maɓallan. Surukai dai an shaida musu cewa an ɗaga shi zuwa sashen hulɗa da jama'a kai tsaye.

Galibin masu tsayawa gabansa hanyar banɗaki suke tambaya, shi kuma yana nunawa da yatsa, fuska a murtuke. Kuma a yaba masa, ba wanda ya taɓa ɓata. Tun da ya fara aiki a kamfanin, wannan ne karo na farko da mutum ya nemi abu ta hannunsa ya same shi.