Ranar da Aka Kira Ni Awon Ciki

Da aka kawo sabuwar manhajar inshorar lafiya asibitinmu na Gyadi-Gyadi, ni aka ɗora wa koya wa ma'aikata. Irin manhajar nan ce da kowa ke da izinin buɗe cikinta ya gyara, ni kuwa har na yi nawa gyaran. Akwai wata tambaya, namiji ko mace, da take tare mutum kafin a sa shi cikin masu juna biyu. Na ga ɓata lokaci ce, na cire ta. Har na gaya wa shugaban asibiti cewa waɗanda suka rubuta ta ba su san cunkoson Kano ba.

Ranar koyarwa na yi misali da sunana, ina bayani ina danna duk abin da hannuna ya kai. Ban lura a kan ta gasken nake ba, ba ta gwaji ba.

Ranar awo, Sista Binta mai kula da sashen ta leƙo layin mata ta ƙwala kiran sunana, har da na mahaifina. Ina wucewa na ce, "Na'am!" Mata suka juyo gaba ɗaya. Wata dattijuwa ta dubi tumbina ta ce, "Sannu ɗan nan, Allah ya raba lafiya."

A ranar na mayar da tambayar. Amma har yau in na zo hawa bene, sai Sista Binta ta ce, "Malam, a hankali dai, ka san ba kai kaɗai ba ne."