Alhaji Mamuda Ya Iso Shiru

A unguwarmu, nan Tudun Wada ta Gusau, akwai wani dattijo mai sayar da takin zamani, Alhaji Mamuda. Mutumin kirki ne, wannan ba musu, sai dai Allah ya jarrabe shi da son bayani. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, daga wanda ya ƙera agogon zai faro maka. Shekara da shekaru yana hawa wata tsohuwar mota da salansarta ta daɗe da yin murabus. Tun daga kwanar gidan mai ake jiyo ta tana tari tana gurnani, kaji su watse, jarirai su farka. Kafin ta ƙaraso gindin darbejiyar da dattawa ke zaman majalisa bayan la'asar, an riga an kakkaɓe masa wuri a kan benci. Kullum ya sauko sai ya tarar ana hirar damina, a tarbe shi da, "A'a, Alhaji ikon Allah! Yanzun nan muke cewa yau ka makara." Shi ya sa da maganar zaɓen shugaban ƙungiyar unguwa ta taso, ko a jikinsa. A ganinsa majalisa tasa ce, har ya kai wa Tanko tela shaddar da zai sa ranar.

Ana cikin haka sai ɗansa da ke aiki a Legas ya aiko masa da sabuwar mota mai aiki da lantarki. Wallahi motar ta yi kyau, ni kaina sai da na zagaya ta na sake zagayawa. 'Yar dunƙulalliya ce, ba ta kai jif girma ba, amma ta fi ƙananan motoci tsayi daga ƙasa. Ba ta shan mai, ba ta hayaƙi, da wutar solar gidansa yake yi mata caji kamar waya. To, mai son bayani ya samu abin bayani, mutanen unguwa suka shiga uku.

"Kun ga batirin nan? A ƙarƙashin kujeru aka shimfiɗa shi," in ji Alhaji, ya tara dattawa a tsaye cikin rana. "Dabara ce ta masu ƙira, don nauyi ya zauna ƙasa, ko ka sha kwana ba ta tangaɗi. Tsayin nan kuwa saboda ramuka irin na layinmu ne. Malam Ilu, leƙo nan."

Ya buɗe gaban motar. Malam Ilu, wanda shi ne babba a majalisar, ya leƙa bai ga inji ba, sai wani ɗan gurbi da Alhaji ya ajiye huhun goro da takalmin masallaci a ciki.

"To Alhaji, ina zuciyar tata?"

"Ai zamani ya wuce nan, Malam. In za ka koma baya ma ba sai ka waiga ba, allon nan zai nuna maka har akuyar da ke bayanka. In ka taka birki kuma, ƙarfin ba ya tafiya a banza, batiri yake komawa."

Haka aka yi ta yi kullum, har Malam Ilu ya haddace darasin birki. Abin da Alhaji ya fi tinƙaho da shi kuwa shi ne shirunta. Masu ƙera ta sun sa mata wata 'yar ƙara da take yi in tana tafiya a hankali, don masu tafiya a ƙasa su kauce. Alhaji ya ce kukan sauro ne, bai dace da mota mai daraja ba, ya matsa sai da aka kashe masa ita.

Ana jibi zaɓe, da la'asar sakaliya, ya biyo ta bayan darbejiya gilashi a sauke, ya sulalo ya tsaya dab da benci. Ko kazar da ke kiwo a wurin ba ta ɗaga kai ba. Dattawa kuwa sun ba hanya baya, hira ta yi daɗi.

"Ni fa ku ji tsoron Allah," Tanko tela ke cewa. "In muka ba Alhaji Mamuda shugabanci, taron gyaran kwata sai ya kai mu sallar isha'i ana bayanin batiri."

"Ranar sunan jikansa fa?" in ji wani. "Ya karɓi lasifika zai yi godiya, sai da waina ta sandare."

"A dai lallaɓa shi," Malam Ilu ya ce. "A ba shi uban ƙungiya. Kujera ce mai girma, kuma ba a magana a kanta."

Aka kwashe da dariya har da tafawa. Sai ji suka yi an rufe ƙofar mota, gam! Tanko ya waiga, goron bakinsa ya kusa sarƙe shi. Ga Alhaji tsaye, hula ta karkace. Gaskiya ya ba ni tausayi, don ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Ashe haka kuke? Ni za ku yi wa haka? Shekara nawa ina zama da ku a bencin nan, ban taɓa jin kalma ɗaya marar daɗi a kaina ba! Yaushe kuka lalace?"

Kowa ya sunkuyar da kai, ban da Malam Ilu. Ya kakkaɓe masa wurinsa a kan benci kamar kullum, ya dubi sabuwar motar, ya girgiza kai.

"Alhaji, mu muna nan yadda ka san mu. Waccan tsohuwar ce mai tarbiyya, tun daga kwanar gidan mai take yi mana sallama."